Lemo Ɗari Huɗu da Akori-kura Ɗaya

Daga gona, ranar Talata

Kawu,

Sallama irin ta wadda ta daɗe ba ta rubuto ba, kuma ta san laifinta. Ina fata kana lafiya, kai da duwatsun da kuke fasawa. Yaya ƙafa, yaya kuma kunnen? Sau uku ina kiran wayarka, sai na tuna ko da sabis ya sauko kwarin nan naku ba ji za ka yi ba, shi ya sa na ɗauko biro. Direban tifa da ke wucewa ta hanyarmu da tsakuwa ya ce duk zuwa yana ganinka, zai miƙa maka hannu da hannu.

Mu nan mun gode Allah. Surukinka, maigidana, da sauƙi-sauƙi. Wata bakwai ke nan da faɗuwarsa, ɓarin dama bai dawo ba, amma yana cin abinci da hagu, bakin ma ya fara sakin kalma ɗaya-ɗaya. Kullum ina fitar da shi baranda kan kujera. Daga nan ba ya hango gonar, bangon sito ya tare, amma yana ƙirga fitata da shigowata da kunne. In na dawo sawu na uku sai ya ɗaga mini yatsa uku.

Ka san lemon da ya dasa shekara biyu da suka wuce, guda ɗari huɗu, dukansu da hannunsa ya yi musu aure, wato haɗin reshe. Rijiyarmu ta ƙafe tun watan jiya. Yanzu daga kogi nake ɗebo ruwa, na ɗaura tanki a bayan akori-kurar da ka bar mana, sawu uku a yini. Da haka kowane layi ke samun ruwa sau ɗaya a kwana huɗu. Kada ka yi dariya, na iya tuƙi. Ƙofar sito kawai na taɓa gogewa.

Abin da ya sa na rubuto: motar tana zubar da mai. Duk safiya sai na tarar da tabo a ƙasa kamar faɗin tafin hannu, wajen tsakiyarta. Na kai wa bakaniken bakin kasuwa, ko durƙusawa bai yi ba ya ce baƙin mai ne na inji. Ya riƙe ta yini biyu, ya canza wani gasket, wai shi ke tare mai a mahaɗar inji, ya ce an gama. Yini biyun nan layi goma sha biyu suka wuce ba ruwa. Washegari ga tabo nan yadda yake. Na duba sandar awon baƙin mai, bai ragu ko kaɗan ba.

Kai ka san cikin motar nan fiye da kowa. Me ke damunta? Damina da saura wata biyu, in ta zo da wuri.

'Yarka

*

Daga wurin fasa dutse, ranar Lahadi

Lamba Goma,

Har yanzu sunan nan nake kiranki da shi, don tun kina yarinya halinki ɗaya da sifana lamba goma: ranar da ake nemanki ba a ganinki. Yau dai kin bayyana. Amin, wa alaikis salam. Ƙafa lafiya lau. Kunne kuwa na dama ya yi sallama da ni, na hagu yana haɗa kaya. Shekara talatin ina gane ciwon inji da sauraro, yanzu sai na ɗora hannu a jikinsa kamar mai duba zazzaɓi. Ki gaishe mini da surukina, ki ce na ce ya yi ta motsa yatsun nan ko ba su amsa ba.

Wannan bakaniken naku, Allah ya shirye shi. Wanda bai durƙusa ba bai ga komai ba. Ki saurara, ki yi abin da zan faɗa bi da bi.

Ki shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai. Da safe ki dangwala abin da ya ɗiga ki shinshina. Baƙin mai ƙauri yake, kuma baƙi ne. In kuwa kin ga mai kauri, kalar zuma, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, to man giya ne, daga giyabos yake fita, wato akwatin ƙarfen da ke bayan inji, daidai ƙasan sandar da kike sa giya.

In shi ne, ki tsayar da ita a wuri mai lebur, ki ja birkin hannu, ki sa wa tayoyi waigi gaba da baya. Kada ki shiga ƙarƙashin mota da tanki cike. Ki wanke akwatin da kananzir da tsumma har ya bushe ƙayau, don mai maƙaryaci ne, iska na kwashe shi ta shafa shi inda ba nan ya fito ba. Sai ki yi sawu ɗaya, ki dawo ki leƙa inda ya fara jiƙewa. Wuri biyu nake zargi. Akwai gaba, inda akwatin ya haɗu da inji. Akwai baya, inda farfela ta shiga, doguwar sandar nan da ke juya tayoyin baya. Kowanne akwai zoben roba da ke tare mai, sil muke ce masa, kuma roba tana tsufa kamar mutum. Ɗaya aikin yini ne, ɗaya aikin mako. Ba zan gaya miki wanne ne wanne ba, kada idonki ya ga abin da zuciyarki ke so.

Sai maganar ƙarin mai. A jikin akwatin akwai murfi biyu masu kan noti, ɗaya a gindi na zubarwa, ɗaya a gefe na zubawa. Kada ki kuskura ki buɗe na gindi kafin na gefe ya buɗu. In na gefe ya buɗu ki zura ɗan yatsa. In kin taɓo mai, da saura. In ba ki taɓo ba, ki ɗura da gora da tiyo har sai ya fara dawowa ta bakin.

Ki rubuto mini abin da kika gani, ba abin da kike tsammani ba.

Kawunki

*

Daga gona, ranar Asabar

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, ga direban tifa a bakin hanya yana ta danna oda, ya ce yau ba zai jira ba. Lafiyarmu ƙalau, surukinka ya amsa gaisuwarka, har ya yi dariya da rabin baki.

Man giya ne. Warin ya kusa fasa mini kai, har yanzu yana hannuna. Na wanke, na yi sawu ɗaya, na shiga ƙarƙashi da fitila. Gaba baya ɗiga. Farfela jage-jage take da mai.

Murfin gefe ya ƙi buɗuwa. Na ja, na taka sifanar da ƙafa, sai zamewa take, kan notin ya fara sulɓewa. Na bar shi haka, na gindin ban taɓa ba.

Ban fasa sawu ba, ba halin fasawa. Layin da ke kan tudu ganyensa ya fara naɗewa da rana tsaka.

'Yarka

*

Daga wurin fasa dutse, ranar Alhamis

Lamba Goma,

Saƙonki ya iso, na gode Allah da kuke lafiya. Ni ma lafiya, sai ƙura da muke shaƙa kamar an aiko mu.

Abin da kika faɗa shi nake tsoro. Wannan ba aikinki ba ne, ba kuma aikin mutumin bakin kasuwa ba ne. Sai an sauke akwatin ɗungurum, an buɗe, an duba har kuloci. In ya sauke miki shi, wallahi sai damina ta wuce bai mayar ba, kuma sai noti uku sun yi saura a ƙasa yana ce miki ai dama ba su da amfani. Kada ki bari kowa ya sa mata hannu. Ni zan zo. Na nemi hutun kwana goma wajen shugaban aiki, ya gyaɗa kai. Ƙarshen wata ki sa ido, zan biyo tifa da akwatin kayan aikina.

Kafin nan ki lallaɓa ta. Kada ki cika tankin, rabi ya isa. Kada ki yi gudu, kada ki ja ta a giya uku kan tudu. Murfin kuma ki daina jansa tunda ya fara sulɓewa. Ki jiƙa tsumma da kananzir ki naɗa masa safe da yamma, ki ɗan ƙwanƙwasa shi da guduma a hankali, zai saki. Da ya saki ki ɗura mai, ki riƙa dubawa duk bayan kwana biyu. Akwatin nan ba ya cin mai da yawa, amma abin da ke ciki shi ne ransa.

Na san abin da lemon nan yake a wajen mijinki. Ina nan ranar da ya auna layin farko da igiya, ya hana ni taka wurin da takalmin gareji. Ki yi haƙuri, kwana goma sha biyu ne kawai.

Kawunki

*

Daga gona, ranar Laraba

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta riƙe ka, don ƙarshen wata ya wuce da kwana takwas. Ranar da ka faɗa na share ɗakin baƙi, na fita bakin hanya har sau biyu. Tifa ta zo ba kai, ba takarda. Direban ya ce bai gan ka ba, an ce kana can cikin ramin dutse wajen babban inji. Na ce to. Ban gaya wa surukinka ka fasa ba, na ce masa hanya ce ta lalace. Ya dube ni ya kau da kai. Kwanakin nan ba ya son cin abinci, sai na yi ta lallashi kamar yaro.

In akwai abin da na yi maka, ka faɗa mini. Na san rabon da in neme ka tun rasuwar Inna, sai da buƙata ta taso. Na sani. Amma ita da kanta ta ce in ta kau kai ne uwa kai ne uba.

Na bi maganarka, ba wanda ya taɓa motar. Mai walda na bakin hanya ya ga ina fama da murfin, ya ce in kawo ya liƙa masa wani noti a kai ya buɗe mini cikin minti goma. Na ce a'a, Kawu ya hana. Tsumman kananzir kuwa har yau ina naɗawa, murfin ko gezau.

Amma ga labari mai daɗi, ko hankalinka zai kwanta. Ɗigar ta tsaya da kanta. Ta fara raguwa, daga tafin hannu ta koma kamar kwabo, yau kwana uku kwalin fes yake. Na leƙa ƙarƙashi, bayan nan da ke zuba ya bushe, ya koma kamar gaban da tun farko ba ya ɗiga. Wataƙila robar ce ta kumbura ta toshe. Da na ga haka na koma cika tankin, na ƙara sawu na huɗu, don rabin tanki ba ya kai wa layin tudu, bishiya goma sha ɗaya sun riga sun zubar da ganye.

Abu ɗaya dai, tana wani ɗan kuka kamar ƙudan zuma a cikin tulu, in na taka kuloci sai ya ɗauke. Giya uku ma sai na roƙe ta take shiga. Na ce ko tsufa ne.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

'Yarka

*

Daga wurin fasa dutse, ranar Asabar

'Yata,

Ki ajiye motar. Duk inda takardar nan ta same ki, ko a tsakiyar hanya ne, ki kashe ta ki fito. Ɗigar ba tsayawa ta yi ba, man ne ya ƙare. Kukan da kike ji ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Ban ma gaishe ki ba. Ina kwananku, yaya mai jiki. Ni lafiyata lau, kuma ba abin da kika yi mini, ki cire wannan a ranki. Babban injin niƙa dutse ne ya tsaya ana jibi zan taso, shugaban aiki ya ce hutu sai an tashe shi. Kunya ta hana ni rubutu, kullum ina cewa gobe zan gama in taho da kaina.

Yanzu ga abin da ya fi wannan ciwo. Da na karanta inda kika ce gaban tun farko ba ya ɗiga, sai na ɗauko waccan 'yar takardar taki ta gaggawa na sake dubawa. Kin rubuta "gaba baya ɗiga". Ni na karanta gaba da baya duka suna ɗiga. Ashe cewa kike gaba ba ya ɗiga. Na kai wa mai awon tifofi, ya duba sau ɗaya ya rubuta mini a tafin hannunsa: gaban lafiya yake. Wata guda takardar tana aljihuna.

Na baya shi ne aikin yini. Ke da kanki za ki iya. Da na karanta daidai, da tun a wancan zuwan tifar na aiko miki da sil, ga su nan a siton wurin aikinmu kamar banza. Kuma da na ce kada kowa ya taɓa, sauke akwati nake nufi, ba mai walda ba. Abin da ya faɗa miki shi ne daidai. Ni na rufe miki ƙofar da bakina.

Ga sil nan na naɗe a leda, da galan ɗin man giya. Ki kira mai waldan ya zo har gida ya buɗe murfin. Ki sa waigi. Inda farfela ta haɗu da ƙafar baya akwai noti huɗu, ki ja layi da alli a mahaɗar don ki mayar yadda take, ki kwance, ki zare farfelar ta baya. Za ki ga tsohon sil a bakin akwatin, ki ɓanɓaro shi da sukundireba, kada ki karce ƙarfen. Ki shafa wa sabon mai a leɓe, ki daidaita shi, ki ɗora guntun bututu mai faɗinsa ki buga a hankali har ya zauna daidai da baki. Ki mayar da farfela, ki ɗura mai har ya dawo.

In Allah ya sa ba ta yi nisa ba, za ta yi kuka amma za ta kai ki damina. Na roƙi direban ya bi ta wajenku kafin ya sauke kaya.

Ki yafe mini.

Kawunki

*

Daga gona, ranar Juma'a

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Mu ma da rai. Surukinka jikin yana nan jiya i yau.

Saƙonka ya iso ranar Talata. Motar ta tsaya tun ranar Lahadi.

Ina dawowa daga kogi sawu na biyu, tanki cike, na fara hawa tudun da ke kafin mararraba. Kukan ya canza, ya zama kamar ana jan sarƙa a kan kwano. Sandar giya ta yi zafi har ta ƙi taɓuwa. Sai ta fizge kanta daga giya, na tura ta ƙi, na ji wani ƙarar abu ya karye a ƙarƙashin ƙafata, motar ta yi turjiya ta mutu. Hayaƙi mai wari yana fitowa ta gindin sandar. Na ja birki, na sa duwatsu, na zauna a gefen hanya.

Mai tarakta ne ya zo wucewa da la'asar. Ya ce ba zai iya janta da nauyin nan ba, sai an zubar da ruwan. Ni na buɗe famfon da hannuna. Na tsaya ina kallo ruwa na bin kwalta yana gangarawa, alhali layi na tara da na goma ranar suke jira.

Da takardarka ta zo na karanta sau biyu. Ban ji haushinka ba. Ni na rubuta, ni na haɗe kalma biyu don ana danna mini oda. Malaminmu na firamare ya sha dukan yatsuna kan wannan, ashe ya san abin da yake yi.

Na ce bari in gwada duk da haka. Mai walda ya zo da injinsa a kan babur, minti goma bai cika ba murfin ya buɗu. Na zura yatsa, ƙarfe busasshe. Na buɗe na gindi, abin da ya fito bai cika cokali uku ba, baƙi ƙirin, yana walƙiya da garin ƙarfe, har da gutsattsari kamar haƙoran yara. Mai waldan ya ɗauki ɗaya ya juya a hannu, ya ce, "Uwar gida, wannan sai dai haƙuri." Na ce masa ya tafi, na gode.

Na yi aikin yadda ka faɗa. Alli, noti huɗu, farfela. Tsohon sil ya bushe ya tsage kamar bakin tsohon takalmi, da ɗan taɓi ya faɗo. Na buga sabon da guntun bututun rijiya, ya zauna daram. Na fara bayan azahar, kafin la'asar na gama. Na ɗura mai har ya dawo ta baki. Kwana uku ke nan, kwalin ko ɗigo ɗaya babu. Na gyara ɗigar, Kawu.

In na taka kuloci tana tashi lafiya. Da na saki, ko ba giya, sai ta yi ƙara ta mutu.

Yau kwana biyar gonar ba ta ga ruwa ba. Maƙwabcinmu na gangare ya bar ni ina ɗiban jarka shida a rijiyarsa da baro, tasa ma ta kusa kai ƙasa. Jarka shida a bishiya ɗari huɗu, ka lissafa da kanka. Na nemi hayar mota, kowa tasa gonar yake yi wa ɗiba.

Surukinka bai tambaye ni komai ba. Na ce masa mota tana hutawa. Da safe in na fitar da shi sai ya karkata kai wajen ƙofa, ya jima a haka.

Ana samun irin akwatin nan na hannu?

'Yarka

*

Daga wurin fasa dutse, ranar Litinin

'Yata,

Na gaishe ku, Allah ya ƙara wa mai jiki sauƙi. Aikin da kika yi babu bakaniken da zai fi ki, in na ce ba haka ba na yi ƙarya.

Gutsattsarin da kika gani haƙoran giya ne, kuma yadda take mutuwa in kin saki kuloci, boris, zoben ƙarfen da sandar cikin akwatin ke juyawa a kansa, ya narke ya kama ta. Wannan akwatin ya gama. Na aika wa masu kayan tsofaffin motoci mutum huɗu. Uku sun ce irin wannan an daina ganinsa. Ɗaya ya aiko da wani, na auna, bakinsa bai dace da injinku ba. Akwai wanda ya ce zai tambaya a wani gari, sai dai maganar mako uku ce ko huɗu, kuma ba alkawari. Ba zan yi miki daɗin baki ba, na ga abin da daɗin bakina ya jawo.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Ba ni kan injuna yanzu. Makon jiya motar lodin dutse tana ja da baya tana oda, ina tsaye a bayanta ban ji ba, sai da wani ya fizge ni. An mayar da ni ƙofa, ina ɗaga wa tifofi sanda. Shugaban aiki ya rubuta mini a takarda cewa in na tafi hutu yanzu, kada in wahalar da kaina da dawowa.

Na yanke shawara zan taho duk da haka. Ba ni da akwatin giya, amma ina da kafaɗa biyu, zan tura baro. Ki ce in zo kawai.

Kawunki

*

Daga gona, ranar Alhamis

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya tsayuwar ƙofa, ina fata sun ba ka inuwa. Mu lafiya.

Kada ka zo. Ba fushi ba ne. Rijiyar maƙwabcin ta koma jarka huɗu, ko mu goma ne masu turawa ruwan ke nan. In ka bar aikin nan a shekarunka da kunnenka, wa zai ɗauke ka? Ka riƙe sandarka. Maganar akwati kuma ka ce wa mutumin ya bari, abin da za a ɗebo wa ruwan ba zai kai mako huɗu ba.

Layukan tudu sun tafi duka. Na tsakiya ganye ya zube, in ka karce ɓawo da farce babu kore. Hadari ya taso sau biyu ya watse.

Shekaranjiya na gaji da ƙarya. Na durƙusa gaban surukinka na ce, "Motar ta mutu, lemon ma yana mutuwa. Ni na kashe ta da rashin sani." Sai ya buga hannun kujera da hagu ya ce, "Kai ni."

Ni da mai walda muka ɗauke shi da kujerar muka zagaya bayan sito. Tun faɗuwarsa bai ga gonar ba. Na tsaya a bayansa don kada in ga fuskarsa. Ya bi layukan da ido ɗaya bayan ɗaya, tun daga tudu har gangare, bakinsa na motsi. Mai waldan ya ja gefe ya ba mu baya.

Can ya ce, "Wuƙa." Na ce wuƙar me? Ya nuna sito, ya haɗa yatsu biyu kamar almakashi. Na ɗauko masa almakashin aski na bishiya. Ya sa aka matsar da shi layin ƙarshe na gangare, inda ƙasa ke riƙe sanyi. Ya riƙa nuna bishiya da yatsa, wannan e, wannan a'a. Wata mai kyau da nake ji da ita ya girgiza kai, wata 'yar ƙyamusasshiya ya ce e. Ban yi musu ba. Ya zaɓi ashirin da shida.

Sannan ya nuna mini inda zan yanke, ƙasa sosai, kusan rabin kowace, don kada ganye ya sha ruwan da saiwa ke nema. Na ce, "Har nan?" Ya ce, "Nan." Na yanke. Muka yi ta yi har rana ta karkata, shi yana nunawa ni ina yankewa, ban taɓa jin ya yi magana da yawa haka ba tun da ya kwanta. Da muka gama ya sa na tara busasshen ganyen sauran na lulluɓe gindin waɗannan.

Ban sani ba ko za su kai. Jarka huɗu ce, mu ma a ciki muke sha. Da muka mayar da shi baranda ya ci abinci, ya cinye, sannan ya ce in juya kujerar ta fuskanci ɗaki.

Jiya masu yin gawayi suka zo tambayar sauran ɗari uku da saba'in da huɗu. Sun zagaya, suka ce sun yi ƙanana, ba su isa ko itace ba.

Ka kula da kanka wajen tifofin nan, ka riƙa waiwayawa.

'Yarka